Tsintsiyar da Na Jingine

Ni ne Tanimu, mai gadin makarantar bayan kasuwar albasa,
a Kasala, inda Dutsen Taka ke riga kowa ganin rana.
Shekara ashirin da biyu makullin ƙofar nan na aljihuna,
in na ba da shaida, a saurara.

Ranar da Sittana 'yar Malam Korau ta iso
filin nan juji ne, leda da gwangwani da tsohuwar taya,
akuya ma sai ta rasa wurin zuwa take tsayawa.
Ta zo da takarda nannaɗe a hammata
da igiyar awo, da takalmin da ya sha hanya.
Aka ce injiniya ce, zayyanar lambu ta karanto a Khartum.
Na ce a raina: wa ke zana inuwa tun bai shuka ba?

Ba da shuka ta fara ba.
Damina guda ta yi tana bin ruwa a ƙafa.
In hadari ya sauke ɗan abin da ya ɗauko,
ta tattare mayafi ta bi shi har inda ya kwanta,
ta kafa turke a wurin.
"Ruwa ya riga mu zana taswira, Baba Tanimu,
namu karantawa."

Manyan gari sun so ciyawar ƙetare, kore shar kamar darduma,
mai shanye tanki biyu kafin azahar.
Ta ƙi.
Ta kawo magarya da aduwa,
goriba uku daga bakin kogin Gash,
da gawo guda, mai taurin kai irin nata,
wanda ke zubar da ganye sa'ad da kowa ke tofo.
Har tumfafiya ta bari a lungu,
tumfafiyar da ko jaki ba ya waiwaya.

Faɗanmu na farko a kan tsintsiya ne.
Na share ganye tsaf, na tara, zan cinna ashana,
ta riƙe hannuna: "Gidan wani za ka ƙona."
Ta ture ruɓaɓɓen itace da ƙafa,
sai ga gari guda a ƙarƙashi,
masu dako, masu haƙa, kowa na sha'aninsa.
Kwana uku ban gaishe ta ba.
A na huɗu na dafa mata gahawa da citta.

Ranar Talata take fito da 'yan aji huɗu,
ba allo, ba bulala,
kowa da guntun fensir da rabin littafi.
Shekarar farko tsuntsu iri shida suka ƙirga,
har da hankaka, don lissafi ya yi auki.
Bara Intisar ƙarama ta rubuta talatin da takwas,
tana rantsuwa cilakowa ta harare ta.
Marai ya rataya sheƙa a reshen magarya,
bushiya ta haihu bayan ɗakin ajiya.
A kan tumfafiyar nan da na raina kuwa
malam-buɗe-littafi ya sauka, ya buɗe, ya rufe,
yara arba'in suka yi tsit,
irin tsit ɗin da hedimasta bai taɓa samu ba.

Mu'awiya, da aka kora sau biyu saboda danƙon harbi,
shi ta danƙa wa rajistar ƙwai da sheƙa.
Yanzu yana jami'a, yana aiko mana da iri a ambulan.

Idonta ya yi rauni, zane ya gagara.
Takan zo bayan la'asar, jika riƙe da hannunta,
ta zauna gindin gawon, ta karkata kunne:
"Wannan kurciya ce. Wancan baƙo ne, bara bai zo ba."
An kafa allon ƙarfe da sunanta a bakin ƙofa,
har an kuskure harafi guda.
Ko a jikinta. Tambayarta ɗaya:
kwaɗi sun dawo kududdufi?

Sun dawo, Sittana, sun hana ni barci.
Allah ya ba ki inuwa ranar da babu gawo.
Tsintsiyata na nan jingine bayan ƙofa,
gizo-gizo ya yi saƙa a kanta,
na bar masa.