Gilashin Agogo

Shekara talatin da ɗaya ina rumfa ɗaya
a bakin babbar kasuwar Maraɗi,
ni da tebur, da hantsaki, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi.
Mutum ya zo da agogo, ya ce ya mutu.
In kara a kunne, in ji yana numfashi.
In ce, "Bai mutu ba, fuskar ce ta karce.
Kawo dala ɗari in sa maka sabon gilashi."

Bara da kaka na je Tibiri taya ƙanena yankan gero.
Na sunkuya, ganyen kara ya shafe ni a idon dama.
Shafa kawai.
Na murza da bayan hannu, na ci gaba da ɗaurin dami.
Da dare ido ya zama garwashi.
Wata ta ɗiga mini ruwan sukari, wani ya ce tozali,
na kwana goma sha biyu ina jiran sauƙi ya zo da ƙafarsa.

Da zafin ya tafi sai ya bar mini baƙuwa:
hakiya, fara fat, kamar ɗigon nono a kan baƙin wuri.
Jikata Ubaida ta leƙa, ta ce,
"Kaka, wata ya fito a idonka."

A asibiti likita ta ɗora haɓata a kan ƙarfe,
ta haska wata fitila shuɗiya, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "Malam Tsahiru, ciki lafiya lau yake.
Tantanin gaba ne ya yi tabo,
wannan garai-garai da ke rufe baƙin ido.
Ko jijiyar jini ɗaya babu a cikinsa,
hawaye yake sha, iska yake shaƙa,
shi ya sa haske ke wucewa ba ya tuntuɓe."

Na yi dariya har ta ja kujera baya.
Maganata ce, yarinya ta mayar mini.
Na ce, "To, nawa ne sabon?"

Ta ce ba ya zuwa a kwali daga Kano.
Ba maƙerin da ke zuba shi.
Sai wanda ya gama kallon duniya ya bar wa na baya,
kuma wurin dashen da nisa.

Na komo rumfa.
A aljihun tebur akwai agoguna matattu, sun fi arba'in,
masu su sun manta, wasu sun riga mu.
Daga jikinsu nake cire gilashi in rufa wa masu rai,
ban taɓa tambayar sunan kowa ba.

Yanzu madubin aiki ya koma idon hagu.
Hannu bai saba ba tukuna,
ƙusa takan kuɓuce, Ubaida ta tsinto mini a ƙasa.
In na buɗe aljihun nan da safe
nakan ce musu sannu kafin in taɓa.