Ƙarfe Biyar da Rabi

Ƙarfe biyar da rabi shef ya sa taro.
Shi ma yana da ƴaƴa,
sai dai bai san launin ƙofar makarantarsu ba.

Kujerata tana ƙarshen tebur, jikin firji,
inda duk mai ƙishi zai waiwayo ya ce,
"Barira, miƙo mana ruwa."
Shekara tara ina riƙe da lissafin gidan nan,
ko dala ba ta taɓa ɓata a hannuna ba,
amma ruwan sanyi aka fi sanina da shi.

Rahoton da ke gabansu ni na rubuta,
daren Talata, bayan an ɗauke wuta a Harobanda,
fitilar waya a baki, Nafisa a cinya tana zazzaɓi.
Mutari ya karanta shi da babbar murya.
Aka tafa.
Shef ya ce, "Ka yi ƙoƙari."
Mutari ya dube ni, ya dubi ƙasa,
ya gyara hula.

Na san inda ake raba muƙami.
Ba a nan ba ne.
A fada ne, bayan isha'i, kan benci,
tsakanin kofin shayi na biyu da na uku,
lokacin da nake kankare ƙasan tukunya.

Shida da kwata.
Gada ta cika maƙil,
ɗan kabu-kabu yana kutsawa tsakanin motoci,
kogi a ƙasa yana tafiyarsa, ba mai tambayarsa takardar izini.
Na tarar da ita ita kaɗai wajen mai gadi,
takalmi ɗaya a hannu.
Ba ta yi kuka ba. Wannan ya fi ciwo.

A ƙofar gida muka yi kiciɓis da Harisu,
zai tafi aikin dare a asibiti.
Ya miƙo makulli, na miƙa masa burodi.
"Na ɗora shinkafa," ya ce.
Hirarmu ta yau ke nan.

Goma saura, waya ta yi ƙara.
Shef ne: akwai lambar da Mutari bai gane ba
a shafi na bakwai.
Na san lambar.
Na kife wayar a kan tabarma,
na ci gaba da tsefe wa Nafisa kai.
Gobe, a gaban kowa, ya tambaye ni.