Abin da Yatsuna Suka Ji

Shekara talatin da ɗaya na yi a gindin kujerar alƙali,
ni Verlene Tubbs, mai buga maganar kotu.
Bakina a rufe, yatsuna ke sauraro.
Abin da aka faɗa na sa a takarda,
abin da ba a faɗa ba na tafi da shi gida.

Yau ina ninke tawul a ɗakina a Alabama,
talabijin na nuna zauren dattawa.
Ga Prescott Dunaway, kai ya yi furfura,
kofin ruwa a gabansa, jikoki a bayansa,
za a ba shi kujerar da ba a sauka sai an ga dama.
Suka tambaye shi batun launin fata.
Ya gyara tabarau ya ce:
"Doka makauniya ce, ba ta san baƙi ba, ba ta san fari ba."

To, na ji, makauniya ce.
Amma makaho da ɗan jagora yake tafiya,
kuma na san wanda ya riƙe mata sanda
a bazarar da aka gurfanar da Cleophus Rayford.

Lokacin shi ne lauyan gwamnati.
An kira mutum arba'in, za a tsamo sha biyu su yanke hukunci.
Tara baƙaƙe ne.
Ya sallami malamin makaranta, wai gemunsa ya yi yawa.
Ya sallami Odelia mai girkin asibiti, wai ta cika kallon ƙasa.
Ya sallami tsohon soja, wai ya cika kallon ido.
Tara suka shigo, tara suka fita,
kowane da dalilinsa wankakke, gogagge.
Ni na buga dalilan,
ban kuskure ko harafi ɗaya ba.

Cleophus na da shekara sha tara.
Lauyansa ya yi gyangyaɗi sau biyu.
Wannan bai shiga takarda ba,
don barci ba shi da kalma.

Ban ce yaron bai yi kisa ba. Ban sani ba.
Mai gidan man da aka harbe, shi ma ɗan wani ne,
na ga matarsa tana cizon gefen mayafi.
Amma a wannan ɗakin, a wannan shekarar,
wani farin saurayi ya amsa laifi irin wannan.
Yau yana sayar da taya a bakin babbar hanya.
Cleophus kuwa ya jira shekara sha huɗu,
aka ɗaure shi a gado, aka nemi jijiya.

Wani dattijo ya karanta masa alƙaluma:
wa ake kashewa, kuma don ran wa.
Ya ce ƙididdiga ba hujja ba ce.
Aka ce ko akwai hukuncin da ke hana shi barci?
Ya ce yana barci lafiya.
Wannan kam na yarda da shi.

Na aika wa kwamitin wasiƙa shafi huɗu.
Suka maido mini kati, suna godiya da kulawata.

Ran Alhamis za su kaɗa ƙuri'a.
Tawul ya zame daga cinyata ban lura ba.
Na duba, sai ga yatsuna a kan gwiwa
suna buga maganarsa tiryan-tiryan,
ba inji, ba takarda.