Gurbi Na Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga kayan mutane
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso:
buhunan gari, gangunan mai, akwatunan da ba a buɗewa.
Ban taɓa ƙirga nawa ba
sai daren da ƙasa ta motsa kafaɗa,
kantocina suka amayar da cikinsu.
Gari ya waye ina tsaye a tsakar ɗaki,
faifai har idon sawu, kaset har bakin ƙofa.

Na kakkaɓe tsohuwar kwamfutar kan tebur,
mai nishi kafin ta farka, kamar ni,
na ce zan ƙera mata 'yar manhaja da hannuna.
Jikata Ximena ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Kaka, akwai irinta a waya, minti biyu an gama."
Na ce na sani.
Mai jefa ƙugiya a bakin gaɓa
ai bai manta hanyar kasuwar kifi ba.

Gurbi shida na yanka mata:
suna, shekara, iri, lamba, kanta, lafiyar kaya.
Mako uku muna kokawa da waƙafi guda
da ya ɓuya a layi na casa'in yana yi mini gwalo.
Shayi ya huce sau nawa, ban ƙirga ba.
Can ƙasan tudu jirage na kuka cikin hazo,
ni da yatsu biyu ina tsattsagar madannai
kamar kaza a kan tsaba.

Ranar da ta fara aiki ban gaya wa kowa ba.
Na dai sauka matakala ɗari da goma sha biyu
na sayo burodi mai zafi, na hawo ina murmushi ni kaɗai.

Arba'in a dare nake shigarwa, wani daren hamsin,
har wata Laraba allo ya tsaya ya tambaye ni:
Lamba 412 da lamba 977 abu ɗaya ne. A goge ɗaya?

Ba ta yi ƙarya ba. Ni na koya mata.
Suna ɗaya, shekara ɗaya, bango ɗaya.
Amma na farkon da albashina na fari na saye shi,
na rungumo shi cikin ruwan sama a ƙarƙashin riga.
Na biyun na ƙanena Aurelio ne.
Ya ce in ajiye masa wata shida,
ya hau jirgin dakon kaya zuwa arewa.
Wasiƙa huɗu, sai shiru.
Nasa yana tsalle a waƙa ta uku,
daidai inda ya taɓa dangwara masa kofi.

Eh ko a'a, allo na jira.
Linzami a hannuna ya yi nauyin anga.

Na kashe, na kwanta, ban yi barci ba.
Da asuba na buɗe cikinta na ƙara gurbi na bakwai:
ta hannun wa ya iso.

Tun daga nan aiki ya lalace.
Uku nake yi a dare, wani daren ɗaya.
Wannan bidiyon maƙwabciya Fresia ta bari da za ta tashi.
Wannan kaset ɗin, rubutun jikinsa na matata ne,
ta kan manta ɗigon wasali.
Wannan kuwa, Allah ya yafe mini, aro ne.

Yanzu Ximena ke hawowa ran Asabar,
ta ce idona ya gaji, ita za ta buga.
Gurbi shida ba ta ɓata musu minti.
A na bakwai take janye hannu daga madannai,
ta juyo da kujera.

Mun kai dubu da ɗari uku da tamanin da shida.
Akwai sauran kwali ɗaya ƙarƙashin gado,
ban gaya mata ba tukuna.