Shagon Gyaran Waya a Titin Bellaire

Kafin ya taɓa sukudireba
sai Dattijo Khiem ya zauna tukuna,
minti goma, baya a miƙe, ido a runtse.
Wayoyi arba'in na kuka cikin durowa,
shi ko gezau.
Na ce, Baba, gyangyaɗi ne?
Ya ce, numfashina nake ƙirgawa, Tanimu.
In ka yi sake, wani zai ƙirga maka, ya sayar.

A bisa kanta ga ɗan mutum-mutumin Buddha,
lemo uku, turaren tsinke.
Sallayata na ninke ƙarƙashin tebur.
Shekara biyu, ba wanda ya ture wani.

Kullum ga su nan da fasasshen gilashi,
babban yatsa na shafar iska:
Awa guda? Haba, ba zan iya jira ba!
Khiem ya ce malaminsu ƙishirwa ya kira wannan,
irin wadda ruwan gishiri ke ƙara wa wuta.
Na ce, mu a wajenmu kwaɗayi mabuɗin wahala.
Ya ƙyalƙyale: ashe labarin ya riga ni isa garinku.

Ran Laraba, bayan ruwan da ya shanye rabin unguwa,
Ofelia ta kawo waya binne cikin ledar shinkafa.
Ta mijinta ce. Ya rasu a watan Maris.
Muryarsa na ciki,
yana cewa ta sayo madara in ta taso.
Kwana uku muna fama. Tsatsa ta riga mu.
Ni har na fara saƙa ƙarya mai laushi,
a gwada Dallas, ko an dace.
Khiem ya ja mata kujera.
Ya ce, ba za ta tashi ba.
Duk abin da aka harhaɗa sai ya warware,
da ita, da hannun da ya ƙera ta.
Ya yi shiru har firij ya numfasa,
sannan ya ce, to, me ya ce miki?

Ta faɗa. Da muryarsa, har da ɗan tarinsa.
Ta yi dariya, ta share ido,
ta bar mana shinkafar.

Da magariba tawa ta yi ƙara,
saƙo sittin da ɗaya.
Na kife ta, na buɗe famfo.
Ruwan alwala da sanyi a gwiwar hannu.
Rabon da in lura da haka,
wallahi na manta.