Farantin Ƙwai

Ƙarfe biyun dare a Domayo.
Fanka ta tsaya, batir saura kwata,
ni da allon da ya daskare
muna kallon juna kamar mai bashi da mai binsa.

Aikin da Malam Hamajoda ya ba ni kaɗan ne a baki:
can cikin zuciyar na'ura,
inda in ka faɗi babu mai ɗaga ka,
in rubuta mai rabon masauki
ga baƙi masu girma ɗaya.
Shafi guda, bait dubu huɗu da casa'in da shida.
Kowane baƙo ɗari da casa'in da biyu yake ci,
ba ƙari, ba ragi.
Na raba, gurbi ashirin da ɗaya suka fito,
sittin da huɗu suka yi saura a gefe,
na ɓoye lissafina a ciki don kada su tafi a banza.

Ba a aji na fara ganin wannan ba.
Gwaggo Jaratu, ƙanwar babana,
shekara goma sha tara tana sayar da ƙwai
a bakin kasuwar Marwa, gindin darbejiya.
Ba ta taɓa auna ƙwai kafin ta ajiye shi ba.
Faranti ya riga ya san girmansa,
rami talatin, kowanne da bakinsa a buɗe.
Kashi uku take yi musu:
cikakku a dama, waɗanda aka taɓa a gabanta,
wofi a bayan kujera,
suna jiran mai babur ya mayar da su gona a Meskin.
Ina yarinya na taɓa miƙa hannu ga cikakke,
ta buge shi da mafici:
"Gama da na gabanki tukuna.
Mai buɗe faranti biyar don ƙwai bakwai
da yamma zai rasa inda zai sa ƙafa."

Haka na tsara nawa.
Har na ƙara dabarar da ita ba ta da ita:
gurbin da babu kowa ba ya zaman banza,
yana riƙe da adireshin ɗan'uwansa na gaba,
shi ma na gaba, har na ƙarshe
da ke cewa, daga ni sai bango.
Baƙo ya zo, a ba shi na farko, babu yawo.
Ya tashi, gurbinsa ya koma kan layi
da sauran ɗuminsa.

To me ya kashe ta?

Na bi sawu, layi bayan layi,
sauro na karɓar harajinsa a idon sawuna.
Wajen asuba na gan shi.
Wuri ɗaya na sallami baƙo,
can ƙasa, a hanyar kuskure, na sake sallamarsa.
Gurbi ɗaya ya shiga layi sau biyu,
yana nuna kansa da kansa.
Baƙi biyu suka zo, aka ba su ɗaki ɗaya,
kowa ya rubuta sunansa a kan na wani.

Ƙwai biyu a rami ɗaya.
Na san ƙarar, na san warin,
na taɓa wanke shi daga zanen Gwaggo.

Layi ɗaya na goge.
Na sa alama a kowane gurbi mai fanko,
wanda ya sake sallamar abin da ya riga ya tafi
na'ura ta yi masa ihu tun kafin ɓarna.

Batir saura uku cikin ɗari ta tashi.
Baƙo dubu ɗari suka shiga, suka fita,
na ƙirga guraben, ashirin da ɗaya, cif.

A waje wani babur ya wuce ta gadar Kaliyawo
a hankali, a hankali,
irin tafiyar mai ɗauke da abin fashewa.