Akwati na Uku

Ƙarfe ɗaya na dare a Valparaiso,
jiragen kamun kifi sun kashe fitilu.
Ni da Herminia Quilodran muna sama,
a benen da ya karkace tun girgizar bara.

Ƙwaya ɗaya ce, in ji ta,
ita ce zuciyar kowace na'ura,
amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.
Ta jera akwatuna uku a kan tebur.
Na farko ƙato, mai cin wuta kamar gara,
shi zai zauna ofishin tashar ruwa.
Na biyu bai kai tafin hannu ba,
za a ɗaure shi a jirgin ƙaninta Nibaldo.
Na uku tsoho ne, maƙeransa sun daɗe da watsewa,
za a binne shi a gindin dutse
ya riƙa sauraron ƙasa in ta motsa.

Tambayoyi suka zubo a allo, dubbai,
kowace da amsa uku:
e, a'a, ko ajiye a gefe sai an nema.
Wane irin firosesa?
Daga babbar lamba yake fara ƙirga ko daga ƙarama?
Akwai fanka? Akwai batir?
Na gaji, na ce a loda masa duka mu huta.
Ta ce, jaki ma in an yi masa haka durƙushewa yake.

Na farko ya tashi tun kafin mu zauna.
Na biyu ya yi gardama kan direban allo, ya haƙura.
Na ukun fa?
Na ɗauko saitin na biyu na yafa masa,
na manta zanen aro ba ya rufe katara.
Ƙwaya ta firgita, ta amayar da lambobi, ta sandare.
Muka sake ɗora tukunya, minti ashirin tana kan wuta.
Muka sake.
A karo na biyar ya daina suma,
amma abin da ya aiko ta siririyar waya
tarkace ne: ƙugiya, tauraro, alamar tambaya,
kamar kaza ta taka tawada ta bi takarda.

Na ce ya haukace, a kai shi bola.
Herminia ba ta tanka ba.
Ta duƙa da gilashin ƙara girma
kan wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar alkama.
Ashirin da biyar aka rubuta a bayansa,
mu kuwa ashirin da huɗu muka faɗa wa ƙwaya.
Bugun zuciyarsa daban ne.
Tun ɗazu magana yake yi,
mu ne muke saurare da saurin da ba nasa ba.

Ta gyara lamba ɗaya tak.
Muna jira ta ce, ba ta dube ni ba:
mahaifina, bayan ɓarin jikinsa ya shanye,
shekara biyu muna cewa sambatu yake yi.
Ranar da na zauna na rage gaggawa
na ji ashe mahaifiyata yake kira,
yana tambaya ko an kwashe shanya.

Allo ya yi baƙi.
Sai layuka suka gangaro a natse:
ga sunana, ga ma'adanata, ga ƙofofina huɗu,
ina jiran umarni.

Tsuntsayen teku sun fara faɗa a kan rufi.
Cokali ya yi ƙara a cikin kofi, shi kaɗai,
fitila ta ɗan yi lilo ta tsaya.
Ni ban ma tabbata na ji ba.
Tsohon ya ji.
Ya rubuta: biyar da minti goma sha ɗaya,
ƙasa ta juya kafaɗa.

Herminia ta zare tabarau,
ta juye shayin da ya huce a tukunyar fure,
ta ce, sauko da jakar nan, dutsen da nisa,
motar farko ƙarfe shida take tashi.